Darbejiya Biyar a Gonar Mamudo

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Na sayi littafin nan don in riƙa rubuta shari'o'in da Dakta Chollom yake zubo mana a lakcar dokar filaye, ga shi shafin farko zai tafi a surutu. Ba komai.

Yau ya shiga maganar aron gona a al'ada. Ya tsaya a tsakiyar aji ya ce, a garinku in an ba mutum aron gona, mene ne abin da ba zai taɓa yi a cikinta ba? Mu 'yan aji uku, masu baƙi da fari da tafiyar ƙasaita, muka yi tsit. Perpetua ce ta ɗaga hannu ta ce ba ya dasa bishiya. Ya ce daidai. Hatsi wata huɗu ne ya tashi, bishiya kuwa tana daɗewa fiye da wanda ya dasa ta, don haka mai dasa bishiya yana cewa ne nan wurina ne.

Sai na tuna mangwarona. Ina shekara takwas na binne ƙwallon mangwaro a gonarmu ta hanyar Mamudo, na yi ta ba shi ruwa da gwangwanin madara har ya kai min gwiwa. Ran da Baba ya gani bai ce min komai ba, ya sa fartanya ya tono shi. Na yi kuka har gida. Shekara goma sha uku ke nan, kuma in gaskiya zan faɗa har yau ban yafe ba.

Amma gonarmu ai tamu ce. Tun kafin a haife ni yake noma ta.

Laraba, 7 ga Mayu

Abin ya ƙi fita daga kaina. Na lissafa bishiyoyin gonar: gawo biyu, tsamiya ɗaya. Duk na Allah ne, su suka fito da kansu. Maƙwabcinmu na gabas yana da mangwaro da gwaiba har da zogale. Baba kuwa, mutumin da ya cika tsakar gidanmu na unguwar Dogo Tebo da shuke-shuke har Umma tana mita ba wurin shanya.

Na gaya wa Perpetua a ɗaki. Ita ma haifaffiyar Potiskum ce, babanta yana sayar da kayan gyaran mota a bakin tasha, Hausarta ta fi tawa gishiri. Ta ce, "Ke Sharifa, ki tambayi tsohon mana. Ko sai an kawo miki a littafi za ki yarda?"

Abin da ban gaya mata ba shi ne darbejiyoyina. Bara a watan Agusta aka raba mana dashe a makaranta, na ɗauko guda bakwai. Lokacin an yi wa Baba aikin yanar ido, likita ya hana shi shiga rana da ƙura, ni nake zuwa duba 'yan ƙodago. Na jera su a bakin hanya, taku goma tsakani, na kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki. Biyar sun rayu. Na so ne idan idonsa ya warke ya je ya gani, in ce to Baba, wannan karon sai dai ka kawo gatari.

Asabar, 10 ga Mayu, gida

Na zo Potiskum da motar safe. Na tarar da Baba a zaure yana gyara ƙotar fartanya, ya ce, "A'a, Barista, an rufe kotun ne?" Haka yake kirana tun ran da na sami gurbin karatu.

Na zagaya, na zagaya, sannan na ce Baba, takardar gonar Mamudo tana ina? Ya ce wace takarda? Na ce ta saye. Ya ce shi bai taɓa sayen gona ba. Na ce to gado ce? Ya yi dariya ya ce ubansa a Haɗeja ya rasu, ko akuya bai bari ba. Aka kira la'asar, ya tashi.

Umma ce ta ƙarasa min a kicin. Baba ya zo garin nan yaron mota, ya yi rashin lafiya a Mamudo, wani dattijo Malam Joda ya yi jinyarsa wata biyu. Da ya warke ya nuna masa gona ya ce je ka noma ka ci. Shekara talatin da ɗaya. Malam Joda ya rasu tun ina firamare.

Na ce to damin geron da ake kai wa Iya Fanne duk kaka fa? Umma ta ce ita ce matarsa ai. Ni duk rayuwata na ɗauka sadaka muke kai wa tsohuwa. Har alfahari nake yi a raina, wai mu masu taimakon gajiyayyu.

Ban faɗi maganar darbejiya ba.

Talata, 13 ga Mayu

Awa huɗu a laburare. Abin mamaki, maimakon tsoro daɗi nake ji, kamar mai warware zaren da ya cukurkuɗe. Dami ɗaya a shekara bai kai kuɗin haya ba, ba a kuma so ya kai. Aikinsa kawai ya riƙa tuna wa kowa gonar ta waye. Ba takarda, ba sa hannu, ba hatimi, amma duk shekara ana sabunta yarjejeniya a bayan kurar da ke kai damin. Wa ya fara tunanin wannan?

Alhamis, 15 ga Mayu

Na ci karo da hauzi, wato hukuncin dogon riƙo, a littafin fiƙihun Malikiyya da muke yi a zangon nan. In mutum ya riƙe gona shekara goma yana aiki da ita kamar tasa, mai ita yana gari yana gani bai yi magana ba, to ba a ƙara sauraren ƙararsa. Sai fa in ya kawo shaidu cewa aro ne ko haya ko jingina. Cikin ayyukan da ake ƙirgawa na mai abu har da gini da rushewa da dasa bishiya.

Shekara talatin da ɗaya. Na ja layi biyu a ƙarƙashi. Don sani ne kawai.

Lahadi, 25 ga Mayu

Gwaji uku a mako ɗaya. Na ci goma sha huɗu cikin ashirin a wurin Chollom, ya rubuta a gefe wai ina saurin yanke hukunci. Shi ya sani.

Laraba, 4 ga Yuni, gida

Hutun babbar Sallah. Garin ya cika da raguna da tireloli, sai da muka yi rabin awa kafin mu wuce kasuwar shanu. An yi ruwan farko daren jiya, Baba yana ta ɗokin zuwa gona bayan Sallah, rabonsa da ita wata goma. Na ce gobe zan gaya masa.

Alhamis, 5 ga Yuni

Ban gaya masa ba.

Lahadi, 8 ga Yuni

An riga ni.

Da hantsi muna suyar nama aka yi sallama. Kyari ne, babban ɗan Malam Joda, direban tirela, a Kaduna yake zaune, Sallah ce ta kawo shi. Ko ruwa bai sha ba. Ina bayan ƙyauren zaure ina ji.

"Baba Lawan, mun ɗauka kai uba ne. Da suka fito mun ce na tsuntsu ne. Jiya na je da ƙafata, na ga a jere suke kamar sojoji, kowanne da ƙayarsa. Tsuntsu ba ya yin layi."

Baba ya ce me ya fito? Kyari ya ɗauka rainin wayo ne. Muryarsa ta hau. Ya ce tun bara masu yanka fuloti suke binsa a kan gefen titin nan, yana korarsu saboda kunyar Baba, ashe shi ana nan ana kafa masa shaida. Ya ce ranar Asabar a haɗu a gaban bulama, mai garin Mamudo, kuma gonarsu suke so gaba ɗaya, in ba haka ba kotu.

Da ya tafi na fito. Na ce Baba ni ce. Ya daɗe yana kallona da sabon idon nan nasa. Ya ce, "Guda nawa, Sharifa?" Na ce biyar. Bai ce Barista ba. Ya shige ɗaki, naman Sallah ma bai ci ba.

Daga gonar nan tuwonmu yake fitowa. Waken da ake sayarwa a yi min rajista duk shekara, daga can ne. Baba ya bar tuƙi shekara shida, ba shi da wata sana'a.

Litinin, 9 ga Yuni

Ni na ɓata, ni zan gyara. Na wuni a ɗaki na rubuta shafi huɗu.

Ɗaya, riƙo na shekara talatin da ɗaya ba tare da gardama ba. Biyu, masu da'awa, in ban da Kyari, suna garin da gonar take, ba dangi ba ne, ba abin da ya hana su magana. Uku, shaidun aro: mutum biyu ne aka ce suna wurin ranar, duka sun rasu. Iya Fanne tana da rabo a gadon, shaidarta ba za ta karɓu ba. Kyari lokacin yana goye. Huɗu, damin gero sadaka ce ga matar aboki, ni kaina zan iya shaida cewa haka muka tashi muka sani.

Na karanta wa Perpetua ta waya. Ta ce wallahi da jarrabawa ce na cinye. Sai ta ce, "Amma na huɗun nan, ke yanzu ai kin san ba sadaka ba ce." Na ce abin da za a iya tabbatarwa muke magana, ba abin da aka sani ba. Chollom da kansa ya faɗa. Ta ce to.

Wannan "to" ɗin nata ya ba ni haushi ƙwarai.

Talata, 10 ga Yuni

Na kai wa Baba bayan la'asar. Na durƙusa na karanta masa duka, ina fassara wuraren Turanci. Ya saurara har ƙarshe, har da gyaɗa kai. Ya ce ashe dai kuɗin waken bai tafi a banza ba. Zuciyata ta yi fari.

Sai ya ce, "To in alƙali ya ji wannan, shi ke nan sai ya ce tashi ka tafi, gona taka ce?"

Na ce kusan haka. Ya ce kusan? Na koma ɗaki na ɗauko littafin. Yana nan a ƙasan shafin, layin da na tsallake don ban ja masa layi ba: ana barin abu a hannun mai riƙo ne tare da rantsuwarsa cewa mallakarsa ne.

Na karanta masa. Ya ce, "Wa zai yi alwalar, ni ko ke?"

Ya ce ranar da Malam Joda ya nuna masa gonar, a ƙarƙashin tsamiyar nan suka tsaya. Mutum biyun da nake cewa sun mutu, haka ne, sun mutu. Ya ce amma shi bai mutu ba tukuna, kuma yana wurin.

Wanda bai yi aji ɗaya ba ya gano ramin da ke cikin shafi huɗuna da tambaya ɗaya. Ina jin kunya, ina kuma son in san yadda aka yi ya san inda zai taɓa.

Alhamis, 12 ga Yuni

An koma makaranta jiya, ni ban koma ba. Umma ba ta yi min faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Na ji ta tana tambayar maƙwabciya nawa ake ba da hayar gona a wajen Danchuwa.

Asabar, 14 ga Yuni

Mamudo. Ƙofar gidan bulama, tabarmi uku. Dattawa shida, Kyari da ƙannensa biyu, Iya Fanne a gefe a kan kujera 'yar tsugunno. Ni a bayan Baba, takarduna a jaka. Ban san me ya sa na ɗauko su ba.

Na zata za a fara da mai ƙara kamar yadda aka koya mana. Ina. Sai da aka yi gaisuwa ta kusan minti ashirin, aka tambayi idon Baba, aka tambayi hanyar Kaduna, aka yi maganar ruwan bana. Ina ta duba agogo. Daga baya na lura kafin a gama gaisuwar Kyari ya daina karkaɗa ƙafa.

Bulama bai gama buɗe magana ba Baba ya nemi izini. Ya ce, "Gonar Malam Joda ce. Aro ya ba ni, aro take har yau. Duk wanda ya ji wani abu daban, ba daga bakina ba." Shi ke nan. Shafi huɗu, ya rushe su da numfashi ɗaya.

Da faɗa Kyari ya zo, ya rasa wanda zai yi da shi. Ya ce to bishiyoyin fa? Baba zai amsa na riga shi. Na ce ni na dasa, Baba yana kwance bai sani ba, ni ma ban san ta aro ce ba. Wani dattijo ya ce wannan ba ita ce mai karatun lauya ba? Aka yi dariya. Na so ƙasa ta tsage.

Amma ba a tashi haka nan ba. Kyari ya ce ya yarda ba da nufi ba ne, sai dai abin ya buɗe masa ido: yau 'ya ce ta dasa cikin rashin sani, gobe jika ne zai yi gini cikin sani. Gaskiyarsa, in na cire son kai. Aka yi ta ja har azahar. Ƙarshe: Baba zai noma duka bana. Bayan girbi rabin da ke bakin titi ya koma hannunsu. Rabin ciki yana hannun Baba iya rayuwarsa, dami yana nan yadda yake. Bishiyoyi a cire su yau.

Rabin bakin titi shi ne mai kyau. Nan wake yake yi.

Ƙanen Kyari ya ce zai je ya sare. Na ce a'a, a ba ni fartanya. Ban san darbejiya 'yar wata goma tana da saiwa haka ba, ta fi tsawonta na sama. Ta uku hannuna ya yi bororo, ta huɗu ya fashe. Baba yana tsaye a inuwar tsamiya, bai ce in bari ba, bai kuma tafi ba.

Lahadi, 15 ga Yuni

Jiya ban iya ƙarasawa ba saboda hannu.

Da na gama Iya Fanne ta aiko a kai ni gidanta in wanke hannu. Ban taɓa shiga ba, kullum a ƙofar gida ake sauke dami. Ta zaunar da ni a inuwa, ta shafa min man shanu a tafin hannu, tana ta faɗa da Hausarta mai ɗauke da harshen gida. Wai 'yan boko hannu kamar tumatir.

Sai ta nuna sama da haɓa. "Kin san wannan?"

Mangwaro ne, ya fi ɗakinta tsawo. Na ce a'a.

"Naki ne. Ubanki ya kawo shi a bokiti da ƙasarsa, ya ce yarinya ta shuka a inda bai kamata ba, tana can tana kuka, shi kuma ba zai iya yarwa ba. Ya ce Iya sa shi a gidanki. Ni na sa. Duk shekara ba ina aiko muku ba?"

Tana aikowa. Kwando guda, duk bazara. Na sha shi ya fi sau nawa, har ina cewa mangwaron Mamudo ya fi na kasuwa zaƙi.

Na ce me ya sa bai gaya min ba? Ta ce in ya gaya miki sai ya gaya miki gonar ba taku ba ce, ke kuma lokacin ko'ina kika je gonarmu, gonarmu.

A mota muna dawowa na yi ta kallon ƙeyar Baba.

Laraba, 18 ga Yuni, makaranta

Perpetua ta ga hannuna ta ce wace kotu ce ake fitowa da wannan. Na ba ta labari. Ba ta ce ai na gaya miki ba, Allah ya saka mata.

Bayan lakca na bi Dakta Chollom na tambaye shi, in wanda ake ƙara yana da hujjar da za ta ci amma ya san ba gaskiya ba ce, me lauya zai yi? Ya ce wannan darasin aji biyar ne. Sai ya kalli bandejin ya ce da alama wani ya riga shi koya min.

Juma'a, 11 ga Yuli

Jarrabawar fiƙihu. Hauzi ya fito, tambaya ta biyu. Na kawo sharuɗɗan duka. Rantsuwa na fara rubutawa, ko da yake a littafi ita ce ta ƙarshe.

Asabar, 18 ga Oktoba, gida

An gama yankan gero. Dami arba'in da uku, na ƙarshe daga cikakkiyar gona. Masu fuloti har sun kafa duwatsunsu a bakin titi, daidai inda ramukana biyar suke. Umma ta ce rajistar baɗi sai an haɗa da tunkiyarta. Ba wanda ya kalle ni da ta faɗa.

Shafi huɗun nan na nema ban gani ba, ashe Umma ta kunna gawayi da su tun tuni. Ban ji komai ba.

Da safe na ga Baba yana zagaya dammunan, yana ɗaga wannan yana ajiye wancan. Na tambaye shi me yake nema. Ya ce wanda ya fi nauyi. Na ce dole ne? Ya ce ba dole ba ne. Na rubuta wannan ma, ban san a ƙarƙashin wane babi zan sa shi ba.

Na ce gobe zan raka shi Mamudo. Ya ce me za ki yi a can? Na ce bincike ne, Chollom ya ce mu fara tunanin abin da za mu yi rubutun kammala karatu a kai. Ya ce, "To, Barista." Rabon da ya kira ni haka tun Sallah.

Don binciken ne kawai. Amma na ce wa mai kura ya sauke damin a bakin hanya, daga nan zuwa ƙofar Iya ni zan ɗauka.